Mai Haƙuri Ke Dafa Dutse: Jan Ƙyallin Tsatsa da Makomar Ginin Tukwane a Abuja

Ranar buɗe matoya ita ce ranar da maginin tangaran ke bambance aya da tsakuwa. An kwana ana cusa itace, an toshe baki da bulo da laka, an bar wuta ta huce har kwana biyu, sannan aka soma zare bulon ɗaya bayan ɗaya. Hannu na farko ya fito da kwano ja wur, kalar tumatir da ya nuna a jikin uwarsa, da ɗigo-ɗigo masu walƙiya kamar an barbaɗa garin zinariya. Hannu na biyu ya fito da ɗan'uwansa daga jerin ƙasa, duhu-duhu kalar hanta, ba armashi ko kaɗan. Da yumɓu ɗaya aka gina su, a bokitin ƙyalli ɗaya aka tsoma su, kuma mutum ɗaya ne ya yi tsomin. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce sa'a ce. Wanda ya sani kuwa, littafinsa zai jawo, ya duba inda kowanne ya zauna a cikin matoya, da tsawon lokacin da ya yi a cikin bokiti, da yadda wuta ta sauka. Makomar wannan sana'a a Abuja ta dogara ne ga wanne daga cikin mutanen nan biyu za mu yawaita.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wuse ko ta Garki ya ga yadda faranti da kofunan Sin suka cika rumfuna, roba kuma ta cinye sauran wurin. A lokaci guda, a aljihun mai sayen da mai sayarwar akwai takardar naira ashirin, wadda tun 2007 take ɗauke da hoton Ladi Kwali a bayanta tana aikin tukunya. Ƙasar da ta ɗaukaka maginiyar tukwane har haka, ita ce kuma take cin tuwo a kwanon da aka gasa a wata nahiya. An saba ɗora laifin a kan rashin jari da rashin injuna. Akwai gaskiya a ciki, amma bai kai ga tushen ba. Abin da ya fi ɓacewa shi ne ilimin haɗa ƙyalli da kayan gida: awo, gwaji, da rubuta sakamako. Babu ƙyallin da ya fi nuna haka kamar jan tsatsa, domin kusan duk abin da yake buƙata yana nan a ƙasa, cikin tafiyar yini ɗaya daga birnin tarayya.

Abin da aka taɓa yi a tsohuwar Abuja

Kafin a san Abuja da manyan tituna, sunan na garin da yau ake kira Suleja ne. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, a matsayin jami'in kula da wannan sana'a. Ya riga ya yi shekaru a ƙasar da yanzu ake kira Ghana yana fama da yumɓu da wuta. Bayan ya zagaya Najeriya, ya zaɓi Abuja saboda yumɓu mai kyau, da ruwa, da itace, da kuma ƙwarewar matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ba shi goyon baya, kuma a fadarsa ne Cardew ya ga tukwanen wata mata 'yar Kwali da suka ɗauke masa hankali. Cibiyar koyar da ginin tukwane ta soma aiki a 1952, matar nan, Ladi Kwali, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Bayanta wasu mata sun biyo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto.

Abin lura a tarihin nan shi ne yadda cibiyar ta tsaya a kan kayan ƙasa. Ana haƙo yumɓu a kewaye, ana niƙa dutse, ana tankaɗe tokar itace, ana gasawa da wutar itace har zafi ya haura digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Ladi Kwali ta ci gaba da gina randunanta da hannu yadda ta gada, tana zana ƙadangare da kifi da kunama da kada a jikinsu, sai dai yanzu ana cike zanen da farin yumɓu, a rufe da ƙyalli mai duhu wanda ƙarfe ne ke ba shi launi. An baje kayan a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 ta zagaya Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a Minna a watan Agustan 1984. Cardew ya bar cibiyar a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi, kuma abin da Cardew ya koya a Afirka ta Yamma ya zuba shi a littafinsa mai suna Pioneer Pottery na 1969, wanda har yau magina a ƙasashe da dama suke karantawa. Ilimin da aka tattara a bakin kogin Iku ya fi amfanar na waje fiye da jikokin waɗanda suka niƙa dutsen.

Ƙarfe ɗaya, launi iri-iri

Ƙyalli ba fenti ba ne. Siririn gilashi ne da ake narkarwa a jikin tukunya har su zama abu ɗaya. Ƙafa uku yake tsayawa a kai, kamar murhu. Akwai garin dutsen ƙanƙara, wanda shi ne ainihin gilashin. Akwai masu narkarwa, irin su dutsen felsfa da farar ƙasa da toka, waɗanda ke sauko da zafin da ƙanƙara ke buƙata kafin ta narke. Akwai kuma farin yumɓu, wanda ke riƙe narkakken gilashin kada ya tsiyaye ƙasa. Launi kuwa daga ma'adinai yake zuwa, kuma mafi arha da yawa a cikinsu shi ne tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ta sa marmara da jar ƙasar Arewa suka yi ja.

Halin tsatsa a cikin wuta abin mamaki ne. Idan aka sa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, aka kuma gasa cikin hayaƙi, sai ta ba da kore mai sanyi kamar ruwan tafki. Idan ta kai kashi takwas zuwa goma, sai ta koma baƙi mai sheƙi wanda ke yin ja-ja a bakin kwano, irin wanda magina a Sin suka shahara da shi a zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279. Idan kuma aka ƙara ta har gilashin ya ƙoshi, ya kasa riƙe ta duka, to a lokacin hucewa sai rarar ta taso sama ta daskare a matsayin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Waɗannan ƙwayoyi su ne jan da ido ke gani. Wanda ya taɓa narka sukari mai yawa a ruwan zafi, ya ga yadda yake sake fitowa idan ruwan ya huce, ya riga ya fahimci rabin sirrin. A garin Mashiko na Japan, inda maginin tukwane Shoji Hamada ya yi suna, dutsen unguwa kawai suke niƙawa su sami irin wannan ja mai ruwan ƙasa. Ba su jira jirgin ruwa ya kawo musu ba.

Haɗi: sikeli kafin bokiti

Gwargwadon da magina da dama ke farawa da shi don wuta mai tsanani sananne ne. A cikin kashi ɗari na busasshen gari, felsfa kan ɗauki kusan rabi, ƙanƙara kimanin kashi ashirin, farin yumɓu da farar ƙasa da dutsen hoda kowanne kashi biyar zuwa takwas, sai tokar ƙashi kimanin goma, sannan a ƙara tsatsa ita ma kimanin goma a kan ɗarin. Biyu daga cikin waɗannan su ne ke raba jan da ruwan ƙasa. Tokar ƙashi tana ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda ke taimaka wa ƙarfe ya ware kansa daga gilashi ya fito ja. Dutsen hoda kuma yana kawo magnesiyam, wanda ke ƙarfafa fitowar ƙwayoyin. Idan aka rage tokar ƙashi, sai a tashi da baƙi ko kalar makuba. Wannan ya sa ba a haɗa ƙyalli da mudu ko cokali. Cokalin tsatsa da cokalin toka ba nauyinsu ɗaya ba, don haka sikeli ake sawa, kuma gwajin farko gram ɗari ya isa.

Tsarin aikin kansa ba ya da wuya ga wanda ya san dama kunu. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a barbaɗa garin a hankali, a bar shi ya jiƙa ya kwana. Washegari a dama, a tace da rariya mai laushi ƙwarai, wadda ke da ido kimanin 80 a kowane inci, a murza gudajin da buroshi, a sake tacewa karo na biyu. Tsatsa tana da halin kama ruwa, takan sa haɗin ya yi kauri kamar kamu ya kwana, har mutum ya ɗauka gari ne ya yi yawa. Maganin ruɗanin shi ne awo: a ɗebi mililita 100 a ɗora a sikeli, idan ya ba da kusan gram 145, an kusa daidai. Tsoffin hannu kan tsoma yatsa su duba: haɗin ya rufe fata, amma a iya hango layukan gaɓa. Wajibi ne kuma a faɗi haɗarin da ke ciki. Ƙurar ƙanƙara tana taruwa a huhu, tana jawo ciwon da ba ya warkewa. Mai auna busasshen gari ya rufe hanci da takunkumi na ƙwarai, kuma a goge ɗakin aiki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Shafawa: kauri ne ke yanke hukunci

Kafin tukunya ta ga ruwan ƙyalli, sai an yi mata gashin farko a zafin da ya kai digiri 900 zuwa 1,000. A wannan mataki ta yi ƙarfin da ba za ta narke a ruwa ba, amma tana da ƙishirwa, tana zuƙe ruwan haɗin ta bar garin manne a jikinta. Ana kakkaɓe ƙura, a kiyaye taɓa ta da hannu mai maiƙo, a shafa kakin zuma a gindi don kada ƙyalli ya kama wurin. Idan kofi ne ko tulu, ciki ake farawa: a zuba, a juya, a zubar. Sannan a kama shi da yatsu ko awartaki a nitsar da shi cikin bokiti, a ƙirga uku, a ɗago a girgiza sau ɗaya. Cikin ɗan lokaci jiƙar ta ɓace, kofin ya koma kalar jan bulo mara sheƙi, gari-gari, wanda ɗan yatsa ma zai iya gogewa.

A nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Jan tsatsa yana son kauri, kusan kaurin katin cirar kuɗi biyu a haɗe, kuma ana gane haka da a soka allura a duba zurfin ramin. Inda ya yi siriri, yumɓun da ke ƙasa zai narke ya shiga cikinsa ya tsarma ƙarfen, sai wurin ya fito baƙi ko ruwan ƙasa. Inda ya yi kauri fiye da kima, zai malalo a cikin wuta ya manne tukunyar da mazauninta, a yi asarar biyun. Saboda haka gwanaye kan ninka tsomi a kafaɗa da wuya, su bar ƙasa da tsomi ɗaya, su kuma bar tazarar faɗin ɗan yatsa a gindi. Wannan bambanci na kauri, idan an iya sarrafa shi, shi ne ado. A bakin kwano da kan zane, inda ƙyalli ke zamewa, duhu ke fitowa, a cikin kwari kuma ja ke taruwa. Zanen ƙadangaren Gbagyi da aka karce a jikin yumɓu kamar don irin wannan ƙyalli aka ƙirƙire shi.

Ja a hucewa yake zuwa

Kai wuta ƙololuwa rabin aiki ne. A zafin digiri 1,280 ƙyallin ya narke sarai, ƙarfen ya narke a cikinsa, kuma da za a iya ciro kwanon a lokacin a sanyaya shi nan take, baƙi za a gani. Jan yana samuwa ne a kan hanyar saukowa, musamman idan zafi ya sauko wajen digiri 950 zuwa 900. A nan ƙwayoyin ƙarfe ke samun damar girma, kuma suna buƙatar lokaci da iska. Masu matoyar lantarki ko ta gas kan riƙe zafin a wannan mataki awa ɗaya zuwa uku. Idan hayaƙi ya yi yawa a ƙarshen gashi, zai ƙwace iskar da tsatsa ke riƙe da ita, ya mayar da ita baƙa, don haka ake barin wuta ta yi fes kafin a rufe. Kwanon da ya fito kalar hanta ma bai mutu ba: sau da yawa idan aka mayar da shi cikin gashin farko na wani zubi, yakan fito ja.

Akwai albishir a cikin wannan ga maginin da ba ya da na'ura. Matoyar bulo mai kaurin bango, irin ta itace, da kanta take hucewa a hankali, wato tana yin abin da masu lantarki ke biyan kuɗi su kwaikwaya. Abin da take buƙata daga mai ita shi ne ya toshe kowace kafa, ya kuma danne zumuɗin leƙawa. Bahaushe ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. A wannan sana'a maganar ba misali ba ce, dutsen ake dafawa da gaske.

Kayan duk suna gida

A ɗauki jerin kayan ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatun fasa dutse na Mpape suna tara ƙurar dutse tuli-tuli, kuma irin wannan dutse cike yake da felsfa da ƙanƙara, har da ɗan ƙarfe a ciki. Jihar Kogi tana da felsfa, tana kuma da taman Itakpe. Akwai dutsen hoda a Kagara ta jihar Neja, akwai farin yumɓu a Ƙanƙara ta jihar Katsina da kuma kan tsaunukan Filato. Marmara tana ko'ina, maƙera kuma kullum suna share ɓawon ƙarfe daga gindin uwar maƙera. Ƙashi kuwa, kwatar Karu kaɗai ta isa shaida. Ana tafasa shi a raba shi da kitse, a ƙone har ya yi fari fat, a daka a tankaɗe. Da irin wannan toka ce Ingila ta gina sunanta a farin tangaran mai tsada tun ƙarni na 18. Ƙyallin da ke fita daga dutsen Mpape da ƙashin Karu da marmarar Kwali, babu canjin dala a cikin farashinsa.

Masu hannu ma ba su ƙare ba. A Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, akwai cibiyar tukwane da aka kafa a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, kuma ƙauyen ne shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. A garin Bwari akwai masana'antar da ke gasa tangaran mai ƙyalli, a Giri da Kwali mata na ci gaba da gini irin na gado. A Zariya, sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello yana koyar da ilimin tangaran, a Maitama kuma akwai hukumar binciken albarkatun ƙasa ta RMRDC. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun igiya, ba a dai ƙulla su ba. Ita kuwa uwar cibiyoyin, wadda ke Suleja mai ɗauke da sunan Ladi Kwali, jaridu sun sha ba da labarin yadda ta lalace.

Masu cewa baƙon abu ne

Akwai masu ganin cewa ƙyalli ɗabi'ar Turawa ce da aka ɗora wa tukunyar Gbagyi, kuma hujjarsu tana da nauyi. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, iska na busar da gumin, zafi na tafiya da shi. Tukunyar da aka gasa a fili da ciyawa da kirare, aka yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi, tana jure harshen wutar murhu. Da aka rufe randunan Ladi Kwali da ƙyalli, sun yi nauyi, sun daina sanyaya ruwa, sun tashi daga ɗakin girki sun koma kayan kallo. Gaskiya ne kuma cewa kayan cibiyar sun fi samun masu saye a cikin Turawa da manyan ma'aikata fiye da talakan da aka ce don shi aka kafa ta.

Darasin da ke cikin wannan shi ne a san inda ƙyalli ya dace. Randa da tukunyar miya da kaskon tuya ba sa buƙatarsa, kuma wanda ya shafa musu ya ɓata su. Amma faranti da kofin shayi da butar shayi da kwanon miya da tayil na bango, duk suna buƙatar jikin da ba ya shan mai, wanda sabulu ke wankewa tas. Wannan kasuwa ce da magina na gida ba su taɓa riƙe ta ba, don haka shigarta ba ta rage wa randa komai. Batun baƙunta kuwa, jan tsatsa ɗan gida ne ta wajen uwa. Matan da ke shafa jar ƙasa a jikin tulu su goge da dutse kafin gashi, da ƙarfen nan suke aiki tun kaka da kakanni. Abin da ya ƙaru shi ne zafin wuta da sikeli.

Itace, farashi da rashin tabbas

Ƙorafi na biyu ya fi tsanani: wutar digiri 1,280 tana cin itace, dazuzzukan da ke kewaye da birnin tarayya kuwa gatari da gawayi sun riga sun yi musu illa. Ba za a kawar da kai daga wannan ba. Amsar tana cikin ginin matoya da zaɓin zafi. Matoya mai ɗaki biyu, wadda zafin da ya fita daga na farko ke yin gashin farko a na biyu, tana rage asara sosai. Akwai kuma haɗin jan tsatsa da ke nuna a wajen digiri 1,220, kuma wannan ɗan ragi yana da yawa a lissafin makamashi, domin matakan ƙarshe su ne mafi cin wuta. Gas shi ne mafita ta dogon zango, ga shi bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka soma shimfiɗawa a 2020, ta yankin Abuja ya bi. Matoyar gas ɗaya da magina ashirin za su riƙa karɓa-karɓa ta fi ashirin da kowa zai gina tasa.

Na uku, ana cewa ba mai iya karawa da arhar kayan Sin. A farantin yau da kullum, haka ne, kuma ɓata lokaci ne a gwada. Amma otal-otal da gidajen abinci da ofisoshin jakadanci da ke cike da Abuja, da masu neman kyautar biki ko ta baƙo, ba arha kaɗai suke nema ba. Suna neman abin da ke da asali, wanda ba a samu a kowane kanti. Jan tsatsa ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, abin da babbar masana'anta ke ƙi ke nan, shi ne kuma abin da mai sayen aikin hannu ke biya. Na huɗu, ana cewa kayan gida ba su da tabbas, marmarar wannan rami ta bambanta da ta wancan. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa ilimin ya fi kayan muhimmanci. A ɗebi kaya mai yawa daga wuri ɗaya, a niƙa a gauraya a adana. A yi ƙananan fale-falen gwaji goma, tsatsa na ƙaruwa da kashi ɗaya daga wannan zuwa wancan, a rubuta lamba a bayan kowanne. Gashi uku ko huɗu sun isa su nuna hanya.

Lafiyar mai ci

Akwai wani dalili da ya wuce ciniki. Hanya mafi sauƙi ta samun sheƙi a wuta mara ƙarfi ita ce sa dalma a cikin ƙyalli, kuma a wasu ƙasashe wannan ya sa guba a abincin iyalai masu yawa, domin tsami yana jawo dalmar daga jikin kwano. Arewa ta san abin da dalma ke yi. A 2010, gubarta daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara. Idan sha'awar kayan ƙyalli ta ƙaru ba tare da ilimi ba, wani zai bi gajeriyar hanya. Jan tsatsa na wuta mai tsanani ba ya buƙatar dalma ko kaɗan: dutse ne da ƙashi da ƙarfe. Duk da haka sai an tabbatar ya narke sosai. Gwajin farko a gida ake yi, a yanka lemon tsami a kifa a kan kwano ya kwana. Idan wurin ya dusashe ko ya sauya launi, kwanon na ado ne, ba na abinci ba. Tabbaci na ƙarshe kuwa aikin ɗakin gwaje-gwaje ne.

Abin da ya rage a yi

Buƙatun ba su kai girman gina gada ɗaya ba. Injin niƙa dutse guda a Ushafa ko Bwari wanda kowa zai yi amfani da shi. Sikeli da rariya da ma'aunin zafi. Matoya ta haɗin gwiwa. Hukumar RMRDC da jami'o'i su auna abin da ke cikin dutsen Mpape da marmarar Kwali da dutsen hodar Kagara, su buga sakamakon a ɗan littafi cikin Hausa da Gbagyi, da gwargwadon haɗin da aka gwada aka tabbatar. Hukumar birnin tarayya da gwamnatin jihar Neja su haɗa hannu a kan cibiyar Suleja, ta koma makaranta kamar yadda aka kafa ta. Mafi gaggawa kuma, a zauna da dattawan da suka koyi aiki a can, ko a hannun waɗanda suka koya a can, a rubuta abin da ke kansu tun suna da ƙarfin faɗa.

Gwamnatin Murtala Muhammed, wanda hotonsa ke gaban takardar naira ashirin, ita ta yanke shawarar gina sabon babban birni a wannan yanki a 1976. Matar da ke bayan takardar ta riga ta kai sunan Abuja Landan shekara goma sha takwas kafin nan, da yumɓu da toka da tsatsa. Kayan da ta yi aiki da su ba su tafi ko'ina ba. Mai otal da zai yi odar faranti, da shugaban makarantar da zai tsara darasin sana'a, da mai shirin sayen kyautar aure, kowa ya tambaya ko akwai na Bwari ko na Ushafa kafin ya miƙa kuɗinsa. Tambayar mai saye ce ke hura wutar matoya.